Diddigen Ngo Chundung

Duk wanda ya je ta'aziyya gidan Dalyop a Woodbridge, nan Amurka, cikin watan Maris na bana, 1989, ya ga wani dogon zane a bangon falo, daidai saman kujerar da matarsa Pauline take zaune tana karɓar gaisuwa. Ƙauye ne, da mutum sittin da wani abu a ciki, kowa da abin da yake yi. Masu ido sun lura cewa dukansu da baƙar tawada aka zana su, in ban da mace ɗaya a gaba da ta juya baya. Ita daga kafaɗa zuwa ƙwauri fensir ne, takardar wurin kuma ta yi shara-shara kamar ɓawon albasa. Mutum uku suka tambaye ni dalili a ranar, na kasa amsawa. Yanzu da aka kwana biyu, ga amsar. Ni ne Umaru, shekara tara ina ɗaukarsa a motata mu tafi aiki mu dawo. Abin da ban gani da idona ba, shi ya gaya mini a hanya.

An haifi Dalyop a wani ɗan ƙauyen Birom a kudu da Bukur, suna ce masa Lo-Dachung. Ba wanda ya rubuta shekarar, fasfo ne ya ce 1941. Mahaifinsa ya rasu yana goye, uwarsa Ngo Chundung, Ngo kuwa uwa ke nan a bakin Birom, ita ta riƙe shi da noman acca. Hanyar gonarsu siririya ce tsakanin shingen ƙerana biyu, ba ta cin mutum biyu a jere, don haka kullum ita ce a gaba shi a baya. Tun yana kama ƙafarta har ya isa ɗaukar gora, bayanta yake kallo: kai a aske, kwando a bisa, ƙaramar fartanya rataye a kafaɗa, damin ganye ɗaure a ƙugu kamar yadda duk matan wurin suke yi a lokacin. Diddigenta na hagu ba ya taɓa ƙasa sosai. Bai taɓa tambayarta dalili ba.

Yana da shekara tara 'yan mishan suka kai shi makarantar kwana. Damina ta biyu da tafiyarsa ta kwanta ciwon kwana huɗu, ta rasu. Ba a aika masa ba. Sai da ya zo hutu ya tarar an ɗaure awaki a ɗakinta. Ba a daɗe ba masu haƙar kuza suka iso ƙauyen, aka tashi mutane, kowa ya nufi inda yake da dangi. Inda Lo-Dachung yake yanzu tafki ne mai koren ruwa.

Hannunsa mai kyau ne tun yana yaro, shi ya sa da ya gama makaranta ya samu aiki a ofishin safiyo a Jos, yana zana taswira. A satinsa na farko aka ba shi wata tsohuwar taswira ya kwafa da tawada. Yana cikin yi ya gane cewa wata shuɗiyar da'ira mai lamba a tsakiya garinsu ne. Ya zana shi tsaf, bai kuskure layi ɗaya ba, sannan ya zaga bayan ofis ya yi kukansa ya dawo. Ya kan ce taswira tana da dutse, tana da rafi, tana da hanyar jirgi, mutum ne kawai ba ta da shi.

Pauline nas ce. Ita ta fara samun aiki a nan a 1979, shi ya biyo ta da 'yarsu Edna. Ya samu wuri a wani kamfani da ke zana wa wani ofishin gwamnati taswira a unguwar Southwest, cikin birni. Ni kuma a garejin ƙarƙashin ginin nake. Wata safiya ina yi wa wata tsohuwar mota faɗa da Hausa don ta ƙi tashi, sai na ji murya a bayana.

"Bi ta a hankali, Malam, ta girme ka."

Na juya na ga wani gajeren mutum mai faffaɗan hanci, riƙe da kwanon abinci, yana dariya. Da aka bincika, ni ma haifaffen Bukur ne, kuma layi biyu ne tsakanin gidajenmu a Woodbridge. Tun ranar na sa masa Safiyo, shi kuma ya naɗa ni Sarkin Gareji.

Wanda ya san babbar hanya mai lamba 95 da safe ya san gosulo. A cikinsa na gane wata ɗabi'a tasa. Da mota ta tsaya sai ya zaro guntuwar takarda ya ɗora a gwiwa, ya zana fuskar mace. Kafin mu ƙetare gada ya yage ta ya cusa a aljihu. Na fi shekara ina gani kafin na yi magana.

"Safiyo, in budurwa ce ka gaya mini, in san ƙaryar da zan yi wa Maman Edna."

Bai yi dariya ba. Ya ce uwarsa ce. Ba ta taɓa tsayawa gaban mai hoto ba, kuma fuskarta ta ɓace masa. In ya fara zanawa sai ta koma Pauline, ko malamarsu ta aji uku, ko wata mai sayar da dankali a tashar Bukur. Mutumin da zai iya zana maka kowane lungu na Jos da ka, ga shi ya kasa tuna idon uwar da ta haife shi. Abin yana cinsa kamar shi ya yar da ita da hannunsa.

A Nuwamban 1984 ya fita hutun rana, ruwa mai sanyi ya kama shi a tsakiyar wani babban fili kusa da ofishinsu. Ya ruga ya faɗa gidan ajiye zane-zane, tunda shiga kyauta ce. Ɗumi ya je nema, ba kallo ba. Ƙafa ta kai shi wani ɗan ɗaki mai ƙarancin haske, inda aka jera ƙananan takardu a cikin gilashi, aikin mutanen Holan na sama da shekara ɗari uku da suka wuce. Ya zaci sarakuna zai gani da dawakai. Sai ya ga ƙauyawa. An kayar da alade ana yanka, yara sun kewaye. Wata uwa ta matse kan ɗanta tsakanin gwiwoyi tana cire masa kwarkwata. Wani ya bugu ya jingina da ganga, bakinsa a buɗe. Wani ya juya wa jama'a baya yana fitsari a jikin bango, kare kuma ya ja hanji ya yi ƙarƙashin tebur da shi. Ba launi, 'yar tawada ce ruwan ƙasa da layukan alƙalami. Dalyop ya tsaya har ruwan rigarsa ya yi ɗan tafki a ƙasa. Bai taɓa sanin ana zana irin waɗannan mutane ba, balle a sa su a gilashi a ajiye musu mai gadi.

Washegari ya sauko gareji ya ja ni.

"Safiyo," na ce da muka shiga, "ka raba ni da abincina don ka nuna mini alade da 'yan giya?"

"Rufe ido a wajen aladen, Sarkin Gareji. Zo nan."

Ya kai ni gaban wata takarda da ba ta wuce tafin hannu biyu ba. Biki ake yi, ana rawa a ƙofar mashaya. A gefe wata mace ta sunkuya a kan baho tana wanki, ta ba mu baya.

"Wace ce wannan?"

"Ina zan sani? Ko fuskarta ba a gani."

"Shekarunta nawa?"

"Za ta yi arba'in."

"Ta gaji?"

"Ta gaji mana. Dubi yadda ta dafa ƙugu. Bayanta ke ciwo."

"Tana jin daɗin bikin?"

Na ƙara matsowa. "A'a. Fushi take. Ina jin wancan mai tsalle da hula a hannu mijinta ne."

"To," ya ce, "kai da ka ce ba ka san ta ba."

A ranar ya daina zana fuska a mota. Ya sayi takarda mai kauri, tsawon teburin cin abincinsu, ya shimfiɗa a ƙaramin ɗakin ƙasa. Kowace Asabar da safe, in Pauline ta tafi asibiti, sai ya sauka. Ya fara da abin da ya iya: dutsen da ɓaure ya tsiro a tsagarsa, shingen ƙerana, rumbuna, hanyar rafi. Sannan ya shiga zuba mutane. Bai gyara kowa ba. Ƙanen kakansa Bot yana kwance a gindin rumbu da ƙwaryar burkutu a kife a ciki. Wasu mata biyu suna faɗa a kan kaza. Maƙeri yana duba haƙorin wani da ya kumbura. 'Yan gayya sun jeru a gonar acca, ɗaya ya fake da gyaran ƙota yana hutawa. In ya tuna wani a mota sai ya buga cinya ya ce, "Kai! Na manta makahon nan mai kiwon agwagi!" Kusan shekara biyu yana yi.

Uwarsa ce ta ƙarshe. Ya bar mata wuri a gaba, a bakin hanyar gona, ta fi kowa girma. Zama ɗaya ya zana ta, hannunsa bai tsaya ba: kwandon, fartanyar, kafaɗar hagu da ta ɗan sauka, ramin tsakiyar bayanta, damin ganyen, diddigen da ya ɗaga. Da ya gama ya ja da baya, ya gan ta tana tafiya gona, shi kuma yana biye. Ranar Litinin ya shigo mota ya ce, "Malam Umaru, na same ta." Har muka kai Southwest yana waƙar coci, ni kuma ban hana shi ba.

Labari ya kai kunnen ƙungiyar 'yan Filato. Suna shirin ranar al'adu a zauren wata coci a College Park, Asabar ta farko a Oktoban 1986, kuma sun gayyaci Amurkawa, abokan aiki da malaman yara. Ciyaman ɗinsu Dakta Chuwang, injiniya ne, mutumin kirki mai riƙe da jama'a. Shi ya zo gidan da kansa ranar Lahadi bayan an tashi coci. Ina nan, na zo cin gwate, faten accan nan nasu. Ya daɗe yana bin zanen da ido yana dariya, har ya ce mashayin nan ma a bar shi, kowane gari da nasa. Da ya zo kan ta gaba sai dariyar ta ɗauke.

"Da Dalyop," ya ce, don Da ake ce wa babba a Birom, Dalyop kuma ya girme shi, "wannan fa?"

"Me ta yi?"

"Sauran matan suna nesa, sai an matso. Wannan kuwa a kanta ido yake fara sauka. Ba za mu kafa ta haka a gaban baƙi ba."

Dalyop ya ba shi labarin ɗan ɗakin nan da matar mai wanki. Dakta ya saurara har ƙarshe.

"Na san irinsu, na karanta a kai. Ka san masu sayen da yawa daga cikinsu? Attajiran birni. Su rataye a falo, su ci su ƙoshi, su riƙa dariyar ƙauyawa. Mu ma an yi mana. Ka manta katin hoton da ake sayarwa a Jos, iyayenmu mata da ganye, Bature ya saya ya aika gida a yi kallo?" Ya ɗan dube ni. "Malam Umaru ma ya san sunan da ake kiranmu da shi a kasuwa."

Na sunkuyar da kai, don na sani, kuma na taɓa faɗa da bakina ina yaro.

"Wasu dariya suke, gaskiya ne," in ji Dalyop. "Amma wanda ya zana mai wankin nan ba dariya yake ba. Sai ka daɗe kana kallon mutum kafin ka san inda bayansa ke ciwo." Ya nuna ta gaban da yatsa. "Wannan uwata ce, Dakta."

"Shi ya sa ma, Da. Ka suturta uwarka."

Maganar ta shige shi. Ya dubi Pauline. Ita kuma ta dubi hannuwanta ta ce, "Baban Edna, 'yan ajinsu Edna za su zo. Ka san tambayoyin da suke yi mata."

Da yammar nan ya sauka ɗakin ƙasa ya ɗaura wa Ngo Chundung zane. Da tawada ya yi, ɗaurin ƙirji har ƙwauri, da 'yan furanni irin na matan zumuntar coci. Aikin ya yi kyau, Dalyop bai iya aikin banza ba. Da ya ja da baya sai ya ga wata matar dattijon coci za ta kasuwar Bukur. Ramin bayan ya tafi, lanƙwasar ƙafar ta tafi. Diddigen yana nan a ƙasa, amma ya zama kamar kuskuren mai zane. Ya rufe ido ya neme ta a ka, nan ma zanen furanni ya gani.

Satin nan duka bai yi magana a mota ba. Na tsokane shi, na kunna rediyo, na kashe. Ranar Alhamis muna tsaye a kan gada ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Wancan karon ba na nan aka binne ta. Wannan karon ni na yi da hannuna."

Asabar gari yana wayewa Pauline ta sauko ta same shi zaune gaban zanen da kayan barci. Ta ajiye masa sabuwar reza a kan tebur.

"Ni na ce ka sa, ni nake cewa ka cire. Kwana shida ina dafa abinci ina zubarwa."

"Edna fa?"

"Na tambaye ta. Ta ce ina kakarta ta tafi, wace ce wannan matar."

Masu zanen taswira na da ba su da abin goge tawada. Reza suke karyawa biyu, su kwantar da bakinta, su kankare a hankali har baƙin ya tashi da fatar takardar, sannan su murje wurin da bayan cokali. Ana yi wa layi ɗaya ko lamba ɗaya. Ba wanda yake yi wa wuri mai faɗin tafin hannu, don kafin a gama takarda ta huje, kuma abin da ke ƙarƙashi ma tafiya yake yi. Dalyop ya san haka. In ta yage, ba matar dattijon coci, ba uwarsa, sai rami a tsakiyar aikin shekara biyu. Ya ɗauki awa shida. Yana yi yana hure garin, yana ɗaga gefen takardar wajen taga ya ga saura nawa. Sau ɗaya hannunsa ya zarce, ta huje a kwiɓi, ɗan rami kamar ƙwayar acca. Ya ajiye rezar ya fita ya zaga gida sau uku, ya dawo ya ci gaba.

Da azahar na zo ɗaukarsu na tarar da fari fat tsakanin kafaɗa da ƙwauri. Takardar da aka kankare shan tawada take yi ta watsa, don haka fensir ya fiƙe. Ya riƙe shi a sama ya daɗe, har na ji tsoro. Sai ya fara daga diddigen ya yi sama, kamar yadda idon yaro yake bi. Ƙwauri, bayan gwiwa, ganye, ramin baya. Minti goma bai cika ba.

"Ita ce?" na tambaya.

"Ta ɗan yi haske," ya ce. "Amma ita ce."

Muka sa zanen a katako muka rufe da gilashi, muka tafi. A ƙofar zauren Dakta Chuwang ya tare mu, ya duba, fuskarsa ta canza.

"Da Dalyop, ba haka muka yi ba."

"Ba haka muka yi ba, Dakta. Na gwada, na kasa."

"To ba zai shiga ciki ba. Ka yi haƙuri."

Ba a yi faɗa ba. Muka jingina shi a kan wani tebur a baranda, wajen da ake rataye rigunan sanyi, muka tsaya gefe da gefe kamar masu gadi. A ciki ana ta jawabi da kiɗa. Masu wucewa bayi suna kallo su wuce, wata ma ta ja tsaki.

Can sai ga wata tsohuwa ta fito tana toshe kunne, ta ce na'urar nan za ta fasa mata kai. Ngo Garos ce, mahaifiyar Dakta, wadda ta zo daga Barikin Ladi wata uku da suka wuce don ganin sabon jika. Dalyop ya rusuna ya gaishe ta, ya jawo mata kujera. Ta zauna tana fuskantar zanen don ba wani abin kallo. Hausa da Birom take haɗawa, abin da ya wuce ni Pauline ta cike mini daga baya.

Ta ɗan jima. Sai ta miƙa yatsa.

"Ɓauren nan na cikin dutse. Na faɗo daga kansa." Ta tashi tsaye ta matso. "Kai! Bot! Har a nan ma barci kake, ɗan banza?" Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana kiran suna, maƙerin, makahon agwagi, matan da ke faɗa, har ta faɗi mai gaskiya a rigimar kazar. Ashe a Lo-Dachung aka haife ta, aure ne ya kai ta Barikin Ladi tun Dalyop bai yi wayo ba. Ba wanda ya taɓa tambayarta, har ɗanta ma abin da ya sani kawai shi ne daga wajen Bukur take.

Sai ta iso kan ta gaba. Ta sa tafin hannu a kan gilashin.

"Chundung," ta ce. "Chundung, ina za ki da sassafe haka?"

Dalyop ya dafa tebur.

"Ngo, kun san ta?"

"Na san ta? A gonar babana fartanya ta sare mata diddigen nan, ranar gayya, muna 'yan mata. Ni na tauna ganye na ɗaure mata. Wa ya zana?"

"Ni ne, Ngo. Ɗanta ne ni."

Ta juyo ta kama haɓarsa ta juya shi wajen haske kamar mai sayen akuya. Sai ta fashe da dariya, hawaye yana zuba.

"Ai kuwa! Ga hancin nan!"

"Ngo," ya ce a hankali, "fuskarta ta ɓace mini. Yaya take?"

"Mummuna kamar kai. Wannan hancin, wannan goshin, duk nata ne. Mukan ce in ruwa ya sauko a zo a fake a ƙarƙashin hancin Chundung. Amma in ta yi dariya ba mai iya fushi da ita." Ta koma kan zanen ta ɓata rai. "Ganyen ne ba ka iya ba. Wannan mai faɗin, ƙaiƙayi yake yi, ba mai sa shi sai mahaukaciya. Uwarka 'yar gayu ce, ƙanana take tsinka, sabo kowace safiya."

Sannan ta ɗaga murya, ta fi na'urar da ta gudo wa. "Chuwang!" Ba Dakta, ba komai. Ya fito da sauri, da takardar jawabi a hannu.

"Wa ya ajiye garinmu a wajen riguna?"

"Mama, akwai baƙi a ciki, kuma matar nan..."

"Matar nan ƙawata ce. Kai da me ka ga na goya ka, da leshi? Fatar akuya ce, ganye a ƙuguna, kana yi mini fitsari a baya. Sai da ka fara tafiya na ɗaura zane."

Dakta ya matso. Ya tsaya yana kallon zanen, ya kalli uwarsa. Bai ba da haƙuri ba, kuma har yau ban ce maganarsa ta ranar Lahadi ƙarya ce ba. Ya dai ninke takardar jawabin ya sa a aljihu, ya kama gefe ɗaya na katakon ya ce, "Da, kama can."

Ba kowa ya ji daɗi ba. Mata biyu sun koma bayan zaure, wani Ba'amurke kuma ya yi irin tambayar da ake tsoro. Edna ce ta amsa masa da Turancinta, ta ce kakarta ce, za ta gona. Ngo Garos ta ja kujera ta zauna gaban zanen har aka tashi, tana ba da labarin kowa, ana fassarawa. Da za mu tafi ta riƙe hannun Dalyop ta ce saura abu ɗaya, ita ina take? Sai da ya yi alkawari. In kun duba kan ɓauren akwai wata yarinya da reshe ya karye da ita. Ita ce. Shekarun ba su yi daidai ba, amma ta ce a nan take so. Ganyen ma ya gyara, tunda fensir ne.

Bayan haka mutane suka riƙa kiransa, wani daga Baltimore, wata daga Houston, a zana musu kakanni daga abin da suka tuna. Ba ya tambayar fuska. Sai ya ce, "Yaya yake tsayuwa? In ya gaji ina yake dafawa?" Ya gama guda bakwai. Na takwas yana kan tebur lokacin da zuciyarsa ta tsaya, ranar wata Talata da safe, yana ɗaura takalmi, ni kuma ina waje ina danna masa hon. Edna ta ce ita za ta ƙarasa shi, hannun ubanta ne da ita.

Satin da ya wuce ina share mota na buɗe aljihun gaba, na samu wata guntuwar takarda a ninke a ƙarƙashin takardun inshora. Fuskar mace ce, kai a aske, da faffaɗan hanci, tana dariya. Ban san ranar da ya zana ta ba, wataƙila ina tuƙi ina yi masa surutu. Wannan bai yage ta ba. Na kai wa Pauline, ta soke ta a kusurwar katakon, kusa da diddigen.

Allah ya ba ka hutawa, Safiyo. Allah ya ba Pauline da Edna haƙuri, ni ma ya ba ni.